Tulun Adda a Kife

Ilu ba mugun mutum ba ne. Gara in fara da wannan.

Shi ne mai kula da rijiyar ƙauyenmu, arewa da Sule Tankarkar, tun shekarar da Turawa suka shata iyaka wajen Maigatari. Rijiya ɗaya ce, gaba ashirin da bakwai, ga gida arba'in. Kafin a ba shi ita, masu ƙarfi ke ɗiba da sassafe, tsofaffi su kwashi laka da azahar.

Ilu ya kafa doka, mai gari ya amince. Ya haɗa gidaje biyar-biyar, kowane rukuni da lokacinsa. Wanda ya ja ruwa ba a lokacinsa ba, a kife tulunsa a bakin rijiya kwana uku, tare da na sauran gidaje huɗun. Wanda ya kawo rahoto ya tsira, kuma rabon mai laifi nasa ne. Wanda ya ba da ruwa ga gidan da aka hana, a kife nasa. In kwanakin sun cika, mai tulu kaɗai ke tayar da shi da hannunsa. Ilu yakan ce kunya ba ta tsare rijiya, sai tsoro da kwaɗayi. Ranar da ya kife tulun gidan mai gari, faɗa ya mutu. Tsofaffi suka sha ruwa garau. Sai dai hira ta ragu, kowa yana duban hannun maƙwabcinsa.

Malam Hudu, limaminmu, wanda ya yi shekara tara a hanyar hajji, ya taɓa tsayawa yana kallon tulunan.

"Ilu, a Makka wani mutumin Sin ya ba ni labarin wani wazirinsu na dā. Shi ma haka ya haɗa gidaje, ya daidaita babba da ƙarami a gaban doka. Ƙasar ta yi ƙarfi."

"To ka gani, Allah gafarta malam."

"Ranar da wazirin ya fito gudun tsira, mai masauki ya hana shi kwana. Ya ce dokar waziri ce."

Ilu ya yi dariya. "Mai masaukin nan ya san aikinsa. Da a nan yake, da na ƙara masa guga ɗaya."

Sai shekarar babbar yunwa ta zo. A da, gidan da aka kife wa tulu yakan lallaɓa zuwa tabki. A shekarar nan tabkin ya zama fako. Mutanen Damagaram suna ta wucewa kudu da yara a goye.

Ilu yana da yaya, Adda Zuliha, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya mutu, ita kaɗai ce a gida. Wata rana da tsaka wata baƙuwa ta faɗi kusa da rijiya da jariri a baya. Adda ta zura guga, ba a lokacinta ba. Cindo, maƙwabcinta, ya kai rahoto. 'Ya'yansa takwas ne, ba zan ce komai a kansa ba.

Da kanta ta kawo tulun.

"Ungo, auta. Kife shi a hankali, da ruwansa na yi maka wanka."

"Adda, kwana uku ne kawai."

"Na iya ƙirge. Ni na koya maka."

Ya kife nata, ya kife na sauran gidaje ukun, ban da na Cindo. Ina wurin.

Ƙishirwa Adda za ta iya jurewa. Amma zana ce kawai tsakaninta da waɗancan gidaje, kukan yaransu kuwa yana shigowa. Matan da suka saba aron turminta suka daina amsa mata sallama.

Kashegari da hantsi aka ga Ilu ya ɗauko tulun gidansa cike a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar gari, kowa yana kallo. Ya yi sallama sau uku a ƙofar Adda. Babu tabarma, babu ƙwarya. Sawunta ya bi na masu tafiya kudu.

Ya raba ruwan ga yaran gidaje ukun. Ya koma bakin rijiya, ya dubi jama'a.

"Ba mai kawo rahoto? Cindo, rabo ne fa."

Cindo ya sunkuyar da kai. Ilu ya kife nasa tulun da kansa, ya kama hanya.

Ya kai har Gagarawa. Can aka nuna masa wani fili a bayan gari, aka ce a nan aka binne baƙi da yawa, ba a samu tambayar sunayensu ba. Ya dawo bayan kwana tara, ya miƙa wa mai gari igiyar rijiya.

Ruwa ya sauka a shekara ta gaba. Dokar ta saki a hankali, ba wanda ya soke ta. Matan unguwa suka so a ɗauke tulun Adda daga hanya. Ilu ya ce a'a, mai tulu kaɗai ke tayar da shi.

Ya ƙara shekara goma sha biyu a duniya. Kullum da safe yakan zo ya share yashin da ya taru a gindin tulun, ya ɗan dubi kudu, sannan ya shiga sahu a bayan kowa.