Baba Sabi'u, Mai Hana Inji Shiga Gulbi

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa a ƙauyenmu na yankin Gidan Sori irin gero yake dubawa. Baba Sabi'u shi kaɗai ne ke nufar zauren Mamman mai kwale-kwale, inda injin fito yake rataye tun kaka. Gulbinmu rairayi ne duk rani, amma in ya kawo, ba mai zuwa kasuwa ko gidan likita sai ta wannan inji.

Aikinsa ba ya canzawa. Ya zubar da tsohon esansi, wato fetur, ya kwance buji, wato fulogi, ya goge, ya murza mai a yatsa ya shinshina, sannan ya tsoma ƙafar injin a tano, wato duron ruwa, ya ja igiya. Ba ƙarar yake saurare ba. Wani ɗan rami yake kallo, inda ruwan da ke sanyaya inji ke tsartuwa. Shi fitsari yake ce masa, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa gaban surukai ba.

Bara ruwa ya yi mana sammako, gulbi ya cika ranar kasuwa. Ja ɗaya injin ya tashi, jama'a suka yi shewa. Baba Sabi'u ya kashe shi.

"Haba Baba!" in ji Mamman. "Ga shi shina kuka ras, mi ya rage?"

"Bai yi hitsari ba. In ka kai shi tsakar gulbi haka, zafi za ya ci shi ya mace, ruwa ya tai da ku."

Aka yi ta guna-guni, har da masu cewa tsufa ne. Baba ya kwance murfi, ya zura waya, sai ga busasshiyar laka na zubowa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a hanyar ruwan. Sai azahar injin ya tsarto ruwa, kasuwa kuwa ta riga ta wuce mu.

Da la'asar naƙuda ta tsananta wa Zainaba, 'yar Mamman ɗin nan. Injin ya keta gulbi da ita zuwa gidan likita, igiyar ruwa na dukan kwale-kwale, bai ko yi tari ba. Da Mamman ya dawo, a ƙofar Baba ya durƙusa yana godiya.

Kai ne, Baba, ka yarda a zage ka da safe don kada a yi makoki da yamma. Muna alfahari da kai, wallahi.

Bana hannun Baba ya fara rawa, ya ce ya ajiye aiki. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma samari masu gyaran babur a bakin tasha, ku je ku zauna gabansa tun idonsa na gani. Zanzaro dai bai ajiye nasa aikin ba.