Kokon da Ke Zuwa da Hantsi

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka kai Yagana makwancinta a bayan garin Guri. Matata ce. Ni ne kuma babban likitan da ya fara duba ta, da ilimina na yaƙi da jahilci wanda na bari bayan wata biyar saboda kifi ya fi alli daɗi.

Binciken nawa bai ɗauki lokaci ba. Kokon safe ya fara zuwa da hantsi, na yanke hukunci: lalaci ne. Har sarauta na naɗa mata, Gimbiyar Hantsi. Da ta nuna mini yatsunta a kumbure, na sake zurfafa nazari na ce sanyi ne. A ƙasarmu kowane ciwon gaɓa sanyi ne. Masunci sanyi, mai dashen shinkafa sanyi, ko jaki ya harbe ka a gwiwa, wani zai ce sanyi ne ya sami ƙofa.

A ɗakin shan maganinmu, zamanin soja, akwai wani Malam Bulus, mutumin Filato. Na kai ta ne ya yi mata allura mu dawo. Bai taɓa allurar ba. Ya ɗora hannuwanta biyu a tebur, ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam Sale, yaushe kake shan koko?"

Na ce, "Yauwa, ka taɓo inda ke mini ciwo. Sai rana ta haye rumbu."

"Tun yaushe?"

"Tun girbin alkama."

"Tana shiga ruwa?"

"Wannan? Ko kwalekwale tsoronsa take."

Bai yi dariya ba. Ya ce hannun da ke sandarewa da asuba, ba ya sakewa sai rana ta ɗaga, dama da hagu iri ɗaya, ba sanyin kogi ba ne, ba kuma lalaci ba. Jiki ne ke cin gaɓoɓinsa. Ya ce abin ya fi ƙarfin ƙwayoyin da ke kabad ɗinsa. Ya rubuta takarda zuwa babban asibiti a Haɗeja, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kada takardar ta yi wata a aljihuna.

Damina uku ta yi. Da farko ruwa ya cinye hanya. Sai shinkafa ta nuna. Sai wanzami ya rantse ƙaho zai zuƙe sanyin, ni kuma na fi yarda da wanda ya maimaita abin da na faɗa. Ranar da muka isa Haɗeja yatsun sun karkace gefe guda kamar ciyawar da ambaliya ta bi ta kai. Likita ya karanta takardar, ya dubi ranar da aka rubuta ta, ya dube ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekara tara ta yi a haka kafin ciwon ya kwantar da ita gaba ɗaya. Ni nake ɗaura mata zani, ni nake dama koko. Takan kurɓa ta mayar mini da sarautar ta ce, "Malam, yau ma Gimbiya ta makara, ga gudaji kamar tsakuwa." Maganar takarda kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba, har ta koma ga Mahaliccinta.

Yau gwiwoyina ne ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Kwanan baya na shiga wani kemis, ban gama buɗe baki ba aka miƙo ƙwaya, "Sanyi ne, Baba." Ashe makarantar da na kafa ta yi ɗalibai. Da Yagana na nan da ta ce an yi wa ɗakin shan magani fenti, an samu keke mai ƙafa uku har Haɗeja, amma mai tambaya ya yi ƙaranci. Malam Bulus ya koma ƙasarsu tuntuni, ban san ko yana raye ba.

Me ya rage nata? Turmi ya tsage, zannuwa an raba. Tambayar ce ta rage. Bara maƙwabcina ya zauna a dakalina yana ba'a wai matarsa ta koyi barcin safe. Na ce ya je ya dubo hannuwanta. Washegari ni na tare musu keke, ban bar shi ya jira girbi ba.

Takardar tana nan cikin gafakata, da na sani kuwa ƙeya ce. Har gobe da asuba nake tashi, amma ba na shan koko sai hantsi. Allah Ya jiƙan Gimbiya, Ya yafe wa likitanta na farko.