Sukurun da ya kai Inna asibiti

"Sai dai ka sayi sabuwa," in ji mai gyara a nan Legas, don sukuru ɗaya ya ɓace a fankata. Na gaji da garin nan.

Sai na tuna garinmu Warra, lokacin muna Jihar Sakkwato. Za mu kai Inna asibitin Yelwa ta ruwa, sukurun injin jirgi ya faɗa tafki. Babu irinsa a garin.

Wani tsoho mai gyaran inji ya ɗauki ƙusa da magagari, yana fidda mata haƙora ɗaya bayan ɗaya.

Na daka masa tsawa: "Baba, ka yi sauri mana!"

"Ɗana, in niy yi sauri, tsakar ruwa za ka tsaya da innakka. Zamna."

Mun isa lafiya, Inna ta warke. Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba.

Ku wa kuka manta ku gode wa?