Tsiron da Baba Abu Ba Ya Yankewa

Shekara arba'in Baba Abu yana wanzanci a Dodoru, kuma abu ɗaya ne askarsa ba ta taɓawa: tsiron da kan fito a kunnen mace bayan huji. Ya taɓa yanke wa 'yarsa Rahmatu irinsa. Tsiron ya dawo ya ninka, har yau kunnen yana cikin mayafi.

Rannan wani makiyayi, Muzzammil, ya kawo ƙanwarsa Mufida da tsiro kamar gyaɗa.

"Baba, kai ka yi muna kaciya gidanmu kaf. Wannan ɗan abin zai gagare ka?"

"Kai ta asibiti. Ku tambayi likita ko zai dawo."

"To, akwai mai kemis a Kalgo, ya ce nan take zai cire."

Baba Abu ya kira Rahmatu, ya ce ta ɗage mayafinta. Ta daɗe tana kallon mahaifinta kafin ta ɗage.

Muzzammil ya kawar da kai.

"Duba da kyau," in ji tsohon. "Aikina ne, kuma na fi mai kemis ɗinka hannu."