A'i Mai Ƙuli da Ƙodar da Ba a Karɓa Ba

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na A'i a Zandam, ita ma ta zaizaye har muna miƙa wa juna garwashi ta kanta. Tun mijina yana da rai nake tashi da ƙamshin gyaɗarta. Mai take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli, kuma ban san wanda zai ce ya taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko da akuya ce ta tsoma baki a tunkuza. Gajeriyar mace ce mai ƙarfin hannu. Ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba.

Ɗanta na fari shi ne Jafaru. Da aka yaye shi, yayar mijinta, Ummussalma, ta ɗauke shi riƙo zuwa Birnin Kudu. A can ya girma, ya yi sakandare, ya koyi tuƙi. Ummussalma yake kira Inna, A'i kuwa Yaya yake ce mata. Ita kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. "Mai mota" take cewa. In ya ɗauko fasinjan Gwaram ya tsaya gaisuwa, sai ta juya ta fuskanci kasko tana amsawa a gajarce. Amma na san ƙulin da take warewa gefe, mai yawan citta, wanda take ba ni in miƙa masa kamar nawa ne.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Aka ce zaman mota ne, aka ce sanyi, aka sha saiwa iri-iri. Da fuskarsa ta kumbura sai aka tura shi Kano, can aka ce ƙodojinsa biyu sun daina aiki. Za a riƙa yi masa wankin ƙoda, amma abin da zai tashe shi dashe ne, in an sami na jikinsa da zai ba shi ɗaya. Mahaifinsa ya riga ya rasu. Ƙaninsa namiji aka gwada, jininsu bai zo ɗaya ba. Ƙannensa mata kuwa ɗaya na da ciki, ɗaya mijinta ya ce bai yarda ba.

Ban je Kano a wannan tafiyar ba. Matarsa Juwairiyya ce ta ba ni labari daga baya. Likita ya dubi mutanen da suka cika masa ofis ya tambayi ina mahaifiyar marar lafiya. A'i tana bakin ƙofa, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta ce ita ce a gaban jama'a, gaban yayar mijinta da ta yi wahalarsa? Ummussalma ta ce ga ta. Ba ƙarya ta yi niyya ba, haka kowa ya san su, kuma ta miƙa hannu da zuciya ɗaya aka ɗebi jini. Aka samu tana da ciwon suga da hawan jini, ga shekaru. Likita ya ce uwar ba za ta iya ba. Jafaru yana kwance yana ji, bai gyara maganar ba. Juwairiyya ta tambaye shi dalili, ya ce matar da ba ta taɓa roƙonsa ko ruwan sha ba, ba zai buɗe baki ya roƙi naman jikinta ba. A'i kuma ta dawo gida da fahimtar cewa an ce jikin uwa ba ya yi, tsohuwa ba ta da abin bayarwa.

Motarsa ta tafi a kuɗin magani, gonarsa ta Kiyako ta bi ta. Jafaru ya koma zama a kan tabarma a tsakar gida, sai zirga-zirgar wankin ƙoda daga Birnin Kudu zuwa Kano, daga Kano zuwa Birnin Kudu. A'i ta soma cewa in raka ta ta kai ƙuli kasuwar Birnin Kudu. Ƙulin ba ya kai wa kasuwa. Gidan muke zuwa, ni in zauna kusa da shi, ita ta shige kicin wajen Juwairiyya inda za ta riƙa jin muryarsa.

Akwai wani likita matashi da ya lura Jafaru yana son karatu, sai yake ba shi tsohuwar mujallarsu ta masu dashen sassan jiki, wadda ake fitarwa a ƙarshen shekara. Turancin ciki ya fi ƙarfinsa, ban da shafin farko inda shugabanninta ke faɗin abin da suka yi bana da abin da za su yi baɗi. Wannan yake fassara mana. Shekarar farko ya ce masu aiko musu da rubutu sun ƙaru, baɗi za su sa ta a waya kowa ya karanta.

"Hajiya, su ma kamar ƙungiyar direbobi ne," in ji shi yana dubana. "Kullum baɗi za a gyara tasha."

Muka yi dariya. Shekara ta biyu ya karanta yana tsayawa yana numfashi, bai yi wasa ba. Masu mujallar sun ce sun ci gaba. Shi wuyan hannunsa ya koma kamar na yarinya, cikinsa ya ɗaga.

A shekara ta uku sai da Juwairiyya ta riƙe masa mujallar. Ya ce bana ma sun gode wa kowa, baɗi kuma za su ware fitowa guda a kan iyaye mata da suka ba 'ya'yansu ƙoda. Yana faɗin haka na ga kamar ya so ya mayar da maganar ciki. Daga kicin na ji tsintsiya ta tsaya.

Muka shiga motar komawa gida har muka wuce Sundimina. Sannan A'i ta matso.

"Hajiya, uwa tana bayarwa ashe?"

Na ce haka na ji ya karanta.

"Ba cewa aka yi uwa ba ta iyawa ba?"

Na ce Ummussalma aka ce ba ta iyawa. Ta dube ni, ta dubi hannuwanta.

Ni na raka ta Kano. Ma'aikaciyar da ke rubuta sunaye ta tambaye ta wane ne marar lafiyarta. A'i ta juyo gare ni in faɗa, ma'aikaciyar ta ce a'a, mai bayarwa ita za ta faɗa da bakinta, da abin da ke tsakaninsu.

"Jafaru," ta ce. "Ni na haife shi."

Ban taɓa jin sunan daga bakinta ba sai ranar. Aka yi ta gwaje-gwaje, muna zuwa muna dawowa. Likita ya ce jikinta lafiya lau, ƙodarta ta dace da shi. Sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce zuciyar Jafaru ta yi rauni a shekarun nan, in aka kwantar da shi aka yi masa aiki ba zai tashi ba. A jira ko zai yi ƙarfi. Ya tambaya a hankali inda take tun farko. Ta ce tana bakin ƙofa.

Bai yi ƙarfi ba. Ya rasu bayan girbin gero, da hantsi, a ɗakinsa na Birnin Kudu. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. A zaman makoki Ummussalma aka yi wa ta'aziyya, ita ce a kan tabarmar tsakiya. A'i tana bayan gida tana wanke kwanukan baƙi, ba wanda ya ga hawayenta, mata suna yaba kunyarta.

Mujallun suna wajen Juwairiyya a ƙasan akwati. Ba mai karanta su. Ban sani ba ko masu ita sun fitar da abin da suka ce za su fitar a kan iyaye mata.

A'i tana nan tana soya ƙuli, sai dai ta daina yin mai yawan citta. Na sha gaya mata kwana ne ya ƙare, ta ce ta sani, ba ta ja da hukuncin Allah. Wani lokaci ina leƙowa ta katanga in gan ta tsaye, man yana ƙauri a kasko, ta dafe kwiɓinta da hannu. Rannan na tambaye ta ko ciwo yake mata. Ta ce a'a.

"Lafiyarsu ƙalau, Hajiya, duka biyun. Likita ma ya faɗa."