Tukunyar da Sabulu Ba Ya Taɓawa

Bayan rasuwar matata mutane suka yi ta jiran in yi kuka. Ban yi ba. Ba jarumta ba ce, wallahi, babu dai abin da ke motsi a cikina. In tafi biro wurin aiki, in dawo, in ci abin da maƙwabta suka aiko. Tuwo da ruwa duk ɗaya suke a bakina.

Ita ƴar Geskeru ce, mutanen bakin kogin Komadugu, masu noman shinkafa da tattasai. Kunun zaƙinta ba a sa masa sukari. Shinkafa mai ƙaiƙayi take jiƙawa, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har ta tsira, ta shanya, ta daka. Garin tsiron nan take zubawa cikin damammen hatsi, shi ke kawo zaƙin. Sai kunun ya kwana a wata baƙar tukunyar ƙasa da ta zo da ita daga gidansu. Tukunyar tana da doka ɗaya: sabulu ba ya taɓa ta. A ɗauraye da ruwa, a kife, shi ke nan. Na taɓa tambayar dalili, ta ce da Hausarta ta Barebari, "Malam, ɗanɗanon a jikinta yake zaune." Na ce ƙazanta ce dai aka raɗa wa suna. Ta yi dariya ta ci gaba da tata.

Wata biyar da rasuwar, wata Asabar, na ga tukunyar a kife a bayan madafa. Na ɗauka na shinshina. Tsamin yana nan, kaɗan. Zuciyata ba ta ce komi ba, amma hancina ya gane. Na ce bari in gwada, tunda ba ni da abin yi da Asabar ɗin.

Na farko tsiron ya ruɓe mini. Na biyu kunun ya yi kauri kamar na mai jego. Na uku na manta da shi kwana uku cikin zafin Diffa. Da na buɗe, ga kumfa tana tashi, ga wani wari mai hawa kai. Maƙwabcina, wani dattijo da ya dawo daga Najeriya da iyalinsa, ya leƙo ta katanga.

"Malam, burkutu aka fara dafawa a unguwar?"

Na ce, "Shigo ka ɗanɗana mana, Alhaji, tunda ka san warinsa haka."

Ya yi ta a'uziyya yana dariya. Na zubar a bayan gida. A ranar na gane tsakanin kunu da giya mantuwa ce kawai, daga nan duk wanda na dama da yamma, da safe nake tace shi.

Abin ya zamar mini sabo. Ran Litinin in jiƙa shinkafa, kullum in yayyafa wa buhu ruwa kafin in fita, Juma'a in dama, Asabar in tace. Na daina sayen shinkafar kasuwa, na sa ana kawo mini ta bakin kogi. Na rage citta, na ƙara kanumfari. A karo na takwas ko na tara na kai kofi baki, sai ga shi. Shi ne, sak. Zaƙin ya fara zuwa, sannan ɗan tsamin nan ya biyo a bayan harshe. Na zauna a kan turmi na shanye. Ban yi kuka ba, amma ranar na san gishiri ya yi yawa a miyar da aka aiko.

Haka na yi wata uku. Sai ƙanwata ta zo daga Damagaram, wai ta ji gidan ya zama kango, za ta gyara. Na tafi biro na bar ta da tsintsiya. Da na dawo da azahar, tsakar gida fes, ga tukunyar a rana, ta yi ja, tana ƙamshin omo.

"Yaya, ai tukunyar nan sai da na sa mata soson ƙarfe, har sau uku. Haba! Yaya kake shan abu cikin wannan dauɗa?"

Ni mutum ne mai faɗa a kan takalmi in an gusar da shi daga inda na ajiye. Na tsaya ina jiran faɗan ya taso. Bai taso ba. Na ce mata, "Sannu da aiki." Ta ce yauwa, ta koma wanke-wanke.

Na ɗauraye tukunyar sau bakwai, na bar ta ta sha iska. Na jiƙa shinkafar kogi, na yayyafa ruwa, na dama ran Juma'a, ban canza komi ba. Asabar da safe na tace, na miƙa wa Alhaji kofi ta katanga kamar yadda na saba. Ya ce wannan ma ya fi na da, ba ya da wannan ɗan tsamin. Da na faɗa masa an wanke tukunyar da sabulu, ya ce in kwantar da hankalina, tukunya tana sake kama ɗanɗano in an jure dama mata. Gaskiya ya faɗa, za ta kama. Abin da hannuna ya zuba mata za ta kama.

Na kai nawa kofin baki. Kunu ne mai kyau, irin wanda ake samu a kowane gida. Ranar da aka binne matata ina tsaye a wurin, amma ban san ta tafi ba sai da safen nan. Na shanye, don ba a zubar da abinci.