Abin da Tasi'u Ya Dafa a Tukunya

Da tsoratarwa na fara jin sunansa. Ina 'yar firamare, duk sanda aka aike ni sayen kifi bakin gada, sai Umma ta biyo ni har zaure tana cewa, "Ki bi ta titi. Kada ki kuskura ki ratsa ta lungun Tasi'u Mai Tukunya. In ya kira ki kada ki amsa, in ya miƙo miki abu kada ki karɓa." Duk yaran unguwarmu haka aka tashe mu. Mun san maye ne, kamar yadda muka san Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, ƙanen kakata Indo ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai da na gama sakandare na sani. Ciwon ƙafa ya kwantar da Indo. Wata rana da la'asar ta kira ni ɗakinta, ta turo mini kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali.

"Ke 'yar boko, kin iya riƙe bakinki?"

"Ya danganta da abin da za a ba ni."

"Ja'ira. Ɗauki ki kai wa Tasi'u. In an tambaye ki, gidan kitso za ki."

Ashe shekara da shekaru ita take kai masa, a ɓoye cikin mayafi.

Na same shi a ɗaki guda mai rufin kwano kusa da kogi, zaune tsakanin matattun rediyoyi da fankoki da lasifikokin masallaci. Gyara yake yi. Siriri ne, mai dogayen yatsu. Na yi sallama. Ya amsa, ya tambayi gida da gajiya da jikin Indo, bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ajiye a ƙasa ki ja baya. Kowa haka yake yi."

Kunya ta kama ni. Na matsa na miƙa masa hannu da hannu. Sai ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"Au, amarya Indo ta aiko mini? Wannan ai ko koko ba za ki iya damawa ba."

"Ni me zan yi da tsoho mara haƙori?"

Ya yi dariya har da tari. Daga ranar ni ce mai kai tuwo, kuma a ɗakin nan na ji tarihinsa, kaɗan-kaɗan, yana magana yana lanƙwasa waya.

Yana saurayi ya samu aikin kanikanci a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse da ke zagaya ƙauyukan Achika da Indabo. Injiniyansu Bature ne ɗan Ingila, ana ce masa Mista Kolin. Kafin ya zo ƙasar nan makaɗi ne. A garinsu yana cikin wata ƙungiyar kiɗan rok, shi ne mai bes, wato jita mai tsirkiya huɗu masu kauri na ƙarfe, wadda ba ta tsuwwa sai gurnani, a ƙirji ake jin ta. Ƙungiyar ta watse da rigima, ya koma aikin injin, amma jitar na binsa duk inda ya je. In an tashi aiki sai ya haɗa ta da batirin mota yana kaɗawa shi kaɗai. Tasi'u ya fara da leƙe, ya koma riƙe masa waya, har Baturen ya ɗora masa ita a cinya.

"Da farko ya ce yatsuna na masu ɓarar gyaɗa ne," in ji shi. "Kafin damina ta zagayo ya daina faɗa."

Da Mista Kolin zai koma gida, sai ya bar masa jitar. Ya kuma koya masa wata dabara ta makaɗan da ba su da halin sabunta tsirkiya. In gumi da dauɗar hannu suka dakushe muryarta, sai a kwance su, a naɗe, a jefa a tukunya a tafasa. Dauɗar ta taso saman ruwa, a tsame a shanya a rana, muryar ta dawo garau.

Tasi'u ya ɗauki jitar ya shiga Kano, ya ja amininsa Gwadabe. Tare suka tashi, tare suka yi iyo a kogin nan, tare aka yi musu kaciya. Gwadabe na da murya, shi ya zama mawaƙi. Suka haɗu da wasu samari suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna 'Yan Gada. Sun yi otel-otel na Sabon Gari, sun yi Jos da Kaduna, sun ƙetara har Damagaram. Gwadabe a gaba da riga mai ƙyalli, 'yan mata na ihu. Tasi'u a baya kusa da mai ganga.

"Ba wanda ke kallon mai bes," ya ce mini. "Amma in na ɗauke hannu, ƙafar kowa sai ta tsaya. Wannan ya ishe ni."

Ɗaki ɗaya suke kwana. A risho ɗaya suke dafa shinkafa, a kansa suke tafasa tsirkiya. Gwadabe ne ma yake tsame su da cokali, don ya fi jure zafi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Da kaset da disko suka kashe kasuwar makaɗa, ƙungiyar ta watse. Gwadabe ya riga shi dawowa Wudil. Ya aske gashi, ya sa babbar riga, ya ce wa mutane fataucin fata ya yi a Jos. Ya fara dillancin shanu a Kara, yana neman auren 'yar liman. Tasi'u kuwa da jitarsa ya dawo a kafaɗa, kowa na gani. Ya sauka gidan yayarsa Indo, ya buɗe teburin gyaran rediyo, har aka kai masa kayan sa-rana gidan wata Juwairiyya a Utai.

Sai aka aiko masa daga Kano ana son mai bes a wani biki. Tsirkiyoyin sun dakushe. Da hantsi ya ɗauki wata tsohuwar tukunya, ya hura wuta a bayan ɗaki, ya jefa su ciki. Mahaifina, lokacin yana ƙaramin yaro, ya tsuguna yana kallon baƙar kumfa na tasowa. Matan gida ma sun gani, suka yi ta kallon juna.

A satin zazzaɓi ya kama mahaifina, mai zafi har da shiɗewa. Cikin sambatu sai ya riƙa cewa, "Kawu Tasi'u, tukunya, Kawu Tasi'u." Shi ke nan. A wajenmu, in mara lafiya ya kama sunan mutum, an gama shari'a. Aka ce kurwar yaron ya naɗe a wayoyin yake dafawa.

Aka ja shi ƙofar gidan mai unguwa, gindin durumi, rana tsaka, maza da mata da yara. Aka kwantar da yaron a tabarma. Tasi'u ya yi bayani, aka yi masa ihu. Wa ya taɓa jin an dafa ƙarfe? Sai ya hango Gwadabe cikin taron, ransa ya yi sanyi.

"Ga Gwadabe nan, ranka ya daɗe. Tare muka yi kiɗa. Da hannunsa yake tsame su. A tambaye shi."

Mai unguwa ya juya. Liman na tsaye a gefe. Gwadabe ya gyara hula ya ce, "Ni fata na sayar a Jos. Ban san shi da komai ba bayan gaisuwa. Abin da ya koyo wajen Baturensa, shi ya sani."

Aka tuɓe masa riga, aka bar shi da gajeren wando, aka sa shi ya tsallake yaron kamar yadda ake sa mayu, don ya saki kurwa. Ya tsallaka. Ya ce da a ce ya ƙi, yaron ya mutu, da sun kashe shi. Amma yaron ya warke, kamar yadda zazzaɓi ke sakin yara. Warkewar ce ta tabbatar wa gari cewa maye ne.

Ana cewa a nono ake shan maita. To shi da Indo nono ɗaya suka sha. Don kada abin ya shafi ita da 'ya'yanta, dangi suka ce ba gado ya yi ba, saya ya yi wajen Bature. Aka fitar da shi daga gida. Aka dawo da kayan Utai. Bai je bikin Kano ba, bai kuma sake kiɗa gaban mutane ba. Bai taɓa aure ba. A masallaci, in ya shiga sahu sai a bar gurbi hagu da dama, alhali lasifikar da ake kiran sallar da ita shi ya gyara.

Gwadabe ya auri 'yar liman. Yau Alhaji Gwadabe ne, mai gidan bene a hanyar Kara, shi ake ba wa lasifika a ɗaurin aure ya yi nasiha kan amana.

Na tambayi Kaka Tasi'u me ya hana shi barin garin.

"In na tafi an ce maye ya gudu. Kuma ina son duk Juma'a in Gwadabe zai wuce kasuwa ya gan ni zaune."

Na ga dafa tsirkiyar da idona. Ya kwance bargon da ya naɗe jitar, ja ce, fentin ya koɗe inda hannu ke gogawa. Ya kwance tsirkiyoyin ya tafasa su a gwangwanin madara, na tsame masa, muka shanya a kan kwano. Da ya ɗaura ya haɗa da wata lasifikar gyara, ya ja tsirkiya guda, sai da ruwan randa ya motsa. Ya lumshe ido ya yi ta yi, ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Ban taɓa jin abu mai kama da haka ba.

Na nemo a wayata hoton bidiyon Turawa suna tafasa tsirkiya a tukunya, na kai wa mahaifina. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Khaulat, ki bar abin da ya wuce." Ya tashi ya fita. Na nuna wa mata a gidan suna, suka ce ai dama daga can ya koyo. A nan na gane ba bidiyon da zai wanke shi. Bakin da ya ɗaure shi ne kawai zai kwance shi.

Ya rasu bara da kaka, Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. Mahaifina ya shiga kabarin ya karɓe shi da hannunsa, wannan na yaba masa. Jitar tana ɗakina.

Bayan sadakar bakwai aka ce ana sallama da ni a zaure. Alhaji Gwadabe ne, da sanda, direba na riƙe da rago a waje. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa kamar wata babbar mace, ya yi ta'aziyya, ya maimaita.

"'Yar nan, an ce ke kika yi jinyarsa."

"Ni ce, Baba Alhaji."

"Ga rago a yi masa sadaka." Ya sassauta murya, ya waiga. "Bai ce komai a kaina ba? Bai ce ya yafe ba?"

"Ya yafe me? Ai ba ka san shi da komai ba bayan gaisuwa."

Na faɗa masa saƙon da Kaka Tasi'u ya bar masa, na ce a mayar da ragon. Ya ce shi dattijo ne mai surukai da jikoki, in duba girmansa. Na ce shi ma wancan da girmansa aka tuɓe shi. Ya sake dawowa da azumi, ya turo mini matarsa, ya turo wani malami ya yi mini wa'azin afuwa. Na ce afuwar ba tawa ba ce balle in bayar. Har yau bai yi abin da aka ce ya yi ba, kuma an ce ciwo ya fara kwantar da shi. Shi ya sa na rubuta wannan da sunansa a fili, don jikokinsa sun iya karatu. Durumin yana nan, kuma cikin waɗanda suka yi ihu ranar akwai masu rai.

Saƙon kuwa, Kaka Tasi'u ya ba ni shi ne wata rana ina tsame masa tsirkiya, tun yana da ƙarfinsa.

"Amarya, zan roƙe ki abu guda. In na riga shi, Gwadabe zai zo. Na san shi, matsoraci ne, zai zo a ɓoye da abin sadaka. Kada ki ji tausayin furfurarsa ki ce na yafe. Ki ce ya je gindin durumin nan da rana tsaka, ya tara mutane, ya ɗaga muryar nan tasa ta waƙa ya faɗi abin da ke cikin tukunyar da wanda yake tsamewa. In ya faɗa, na yafe, ki ba shi jitar ma ya taɓa. In bai faɗa ba, ki bar mini shi. Ina jiransa a can."